Gonar Baba a Cikin Gem

Zuwa ga ƙanena Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki a Abijan? Ya Rabi da yara? Mu nan Dogarawa lafiya lau, sai ƙafafun Baba da har yanzu ba su ɗaukarsa zuwa gona.

Ka ce ka sayo wa yaranka gem na hannu irin wanda ka aiko mana, kana tambayar wasannin da za ka sa musu. Na ƙwallo yana da daɗi, na tseren mota ma ba laifi. Na harbe-harbe ka bar shi, wanda muke ji a rediyo ya ishe mu. Amma ka fara da na noma.

Shi ne Baba ya karɓe daga hannun jikokinsa. A wasan ana iya ban ruwa kowane lokaci, amma ya ƙi shibka sai da aka yi ruwan sama a ciki. Yara suka ce yana ɓata lokaci, ya yi dariya ya ce, "Ni ban taɓa riga damana ba." Rabon da in ji dariyarsa tun ranar da ya kwanta.

Jiya na ga wani yanki na gonarsa ta cikin gem babu shibka. Na tambaye shi, ya ce, "Na Hamisu ne, sai ya zo."

Ka gaida Rabi, ka sa Baba a addu'a. Damana ta kusa, Hamisu.

Yayarka,
Hadiza