Kunkurun Baba Ya Sake Haurawa

Laraba da dare, farkon damina

Yau ma kunkurun Baba ya haura katangar dana gina masa. Ni da duk garinnan ba magini kamar ni, wai wannan ne zai kunyatani! A bakin gonar gero na tsinceshi rigingine yana harba kafafu. Nace masa, Alhaji, ina zuwa ba sallama?

Sale makwabcinmu yace mace yake nema, haka sukeyi in ruwa ya sauka. Nace to mu tafi tare, nima gwauro ne. Inna ko murmushi batayi ba. Tace kunkurun nan bai taba nufar kofa ba sai da Baba ya kwanta ciwo, kuma in kunkuru ya bar gida mai gidan ne zai bishi.

Nace camfi ne Inna, rai na Allah ne. Duk da haka na kife masa kwando na dora turmi akai.

Baba yau ko kunu bai sha ba. Dazu ya kirani, muryarsa kasa kasa, yace, dan nan daga masa kwandon, mai son tafiya ba a tsareshi.

Nace to Baba. Har yanzu ban daga ba.