Muryar da Ta Shigo Ɗakin Umma

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa ta ƙanwa ga wanta, da fatan Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan yara lafiya lau, maigidan ma ya koma bakin aiki. Umma ce ba lafiya, kuma saboda ita na zauna rubutu, don bakina ba zai iya faɗa a waya ba.

Kyamarar da ka aiko don ka riƙa ganinta daga can ƙasar waje, na kafa ta a saman durowa tana kallon gado. A cikin gida tana nunawa, amma ka ce kai ba ka ganin komai sai an buɗe mata ƙofa a rauta, akwatin intanet ɗin nan na falo. Na bi bayaninka, na shiga shafin rauta ta wayata, na rubuta lambar ƙofa da adireshin kyamarar, yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje za a miƙa shi ɗakin Umma kai tsaye. Ranar da abin ya yi, har sabon mayafi ta yafa, wai kada ka ce ta rame. Abin da bai zo mana a rai ba, ni da kai, shi ne canza kalmar sirrin da kyamarar ta zo da ita daga kamfani.

Ranar Talata da hantsi ina kicin na ji faɗuwa. Na tarar da Umma a ƙasa, kyamarar tana juya kai da kanta, wani namiji yana dariya a ciki. Na fizge wayar wutar. A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, kuma a shekarunta da wuya ta sake takawa. Mai gyaran intanet da ya zo ya rufe ƙofar ya ce akwai marasa aikin yi da ke laluben irin waɗannan ƙofofi a ko'ina, don wasa kawai.

Yaya, ga abin da ya fi ci mini rai. Umma ta ce kai ne. Wai da yaren can ka yi mata magana, ba ta gane ba, shi ne ta sauko daga gado don ta matso ta ji da kyau, sai ta faɗi. Na ce ba kai ba ne, ta ce ita za a koya wa muryar ɗanta? Ba fushi take ba, murna take, duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo sai ta ba ta labari. Na daina musa mata.

Ba zan sake buɗe ƙofar nan ba, kada ka aiko wata na'ura. Ka nemi hutu ka zo. Likita bai ce ka yi sauri ba, ni ce nake faɗa maka.

Ka gaida mini matarka da 'yan biyu. Kawu da Auta suna gaishe ka. Allah ya ba Umma sauƙi, ya kawo ka lafiya.

Taka,
Ƙanwarka