Kwalaben da Yayana ya bari a kan katanga

Anti Mashkura, don Allah ki taimake ni da shawara. Saura kwana tara a yi baje kolin kimiyya a makarantarmu, kuma na rasa wanda zan faɗa wa abin da ke damuna. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai an kira sunana nake buɗe baki.

Ina aji biyu na babbar sakandare a Dutse, gidanmu yana Limawa. Yayana Abdulkahar ya rasu shekara biyu da suka wuce, yana shekararsa ta uku a jami'a, fannin kimiyyar sinadarai. Duk hutu sai ya jera kwalabe a kan katangar tsakar gida, ya cika su da ruwa, ya zuba wata farar hoda, ya ɗaure balan-balan a bakin kowace. Ni nake riƙe masa cokali. Ya koya mini cewa ruwa iska biyu ce a haɗe, haidirojin da oksijin, kuma akwai hodar da ƙwayoyinta suka fi ƙarfin ido, wadda idan ta sha rana take raba su. Haidirojin ɗin kuma yana ci da wuta ba hayaƙi. Yakan tsokani Umma idan hayaƙin murhu ya sa ta hawaye wajen suyar awara, ya ce ta kusa hutawa, da ruwan randa za ta riƙa girki. Ita kuma ta ce to ya fara da wanke kwanon da ya ci abinci.

Wajen azahar mukan tsuguna mu ga ƙananan kumfa sun manne a jikin kwalba, balan-balan ta ɗan kumbura. Sai in yi ta tsalle, yana dariya yana ce mini Farfesa. Tun da ya tafi ba wanda ya sake kira na haka. Har yau idan rana ta take, katangar nan nake kallo.

Da malamarmu, Malama Safina, ta nemi masu aiki, sai na tsinci kaina na ɗaga hannu, na ce zan nuna aikin Yaya. Umma ta fito mini da kwalabensa da ragowar hodar daga ƙasan akwatinta. Ta sanar da maƙwabta, har kawuna zai zo daga Aujara.

Ranar Asabar hodar ta kusa ƙarewa, sai na bar kwalba ɗaya da ruwa zalla don kada in yi ɓarna. Anti, ita ma ta yi kumfa. Balan-balan ɗinta ma ta kumbura, daidai da sauran. Na maimaita sau uku, ban ga bambanci ba. Na duba littafinmu, na ga ruwa yana fitar da iskar da ke cikinsa idan ya yi zafi. Ke nan abin da muka yi ta murna a kai zafin rana ne kawai?

Idan na yi shiru, ba na jin wani zai gane, amma na san na yi ƙarya. Idan na faɗa, kamar na ƙaryata Yaya ne a gaban jama'a, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Umma ba ta da abin da take alfahari da shi kamar wannan. Har na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar. Me zan yi?

Ƙanwar Marigayi, Limawa

*

'Yata, Allah Ya jiƙan yayanki, Ya sa ya huta.

Na kai wasiƙarki wurin wata malamar kimiyyar sinadarai, ga abin da ta ce. Kin gani daidai. Kumfar da kumburin balan-balan aikin zafi ne. Amma bayanin da Abdulkahar ya yi miki gaskiya ne: akwai irin wannan hodar, kuma masana sun haura shekara hamsin suna fama da ita. Matsalarta ita ce abin da take amfana da shi daga hasken rana kaɗan ne, don haka iskar da take bayarwa ba ta da yawa, sai da na'ura ake auna ta. Kwalba a kan katanga ba za ta nuna ta ba. Ta kuma ce in gaya miki kada ki kusantar da ashana ga kwalba don gwaji, kada kuma ki shaƙi hodar.

Ban san ko yayanki ya san haka ba. Wataƙila ɗalibi ne da bai kai ƙarshen bincikensa ba, wataƙila kuma so yake ƙanwarsa ta ƙaunaci ilimi. Ko wanne ne, kuskuren gwaji ba ƙarya ba ne. Ƙarya za ta fara ne ranar da kika tsaya kika faɗi abin da kika san ba haka yake ba.

Tsoronki game da Umma yana kan hanya, ban raina shi ba. Shi ya sa bai kamata ta fara jin labarin a gaban baƙi ba. Ki zaunar da ita a gida cikin makon nan, ki nuna mata kwalaben biyu, ki ce kin ɗora daga inda yayanki ya tsaya. Tana iya yin kuka. Ki bar ta ta yi, ki zauna kusa da ita.

Gobe ki sami Malama Safina. Idan baki ya yi nauyi, ki miƙa mata wannan shafin. Ranar baje kolin ki ajiye kwalba mai hoda da marar hoda gefe da gefe, ki rubuta sunan yayanki a sama, ki bayyana abin da masana ke nema da abin da ke kika gano. Jimla biyar sun isa, ki haddace su a gaban madubi. Batun ciwon ƙarya kuwa, ki ajiye shi.

Malamar da na kai wa wasiƙarki ta ce ɗalibanta na jami'a da yawa sukan manta da kwalbar da ba a sa mata komai ba, kuma tana son ta gan ki idan kin gama sakandare. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya wa Umma.

Anti Mashkura