Makarantar Bayan Tasha

Baban Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu duk lafiya lau, sai kewarka.

Na yanke shawara kan makarantar Auta. Na san Yayarka za ta riga ni kawo maka ƙara, to ga zancen daga bakina.

Makarantun gwamnati biyu na taka da ƙafata. Ta kusa da asibiti, wadda Yaya ke yabo, ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar bara. Harabarta tsaf, har da furanni a cikin tsofaffin tayoyi. Yawanci 'ya'yan likitoci ne da ma'aikatan ofis, kowa da malaminsa na gida. Hedimasta ya tambayi Auta sunanta, in'inarta ta tashi. Bai jira ta ƙarasa ba ya juyo gare ni, wai su a nan da sauri suke tafiya, darasi ba ya jiran kowa. Yarinyar nan ta damƙe mini zane har muka fito.

Ta bayan tasha kuwa sakamakonta tsaka-tsaki ne, kuma rufin wani ajin yana yoyo. 'Ya'yan makanikai ne da masu dako da 'yan tireda, harshe iri-iri, wasu ma sun zo ba sa jin yaren malamai. Amma na tsaya ta taga na ga 'yan aji uku suna karatu bi da bi, ba a tsallake kowa. Malamar aji ɗaya ta durƙusa gaban Auta ta yi ta jira har sunan ya fito. Sai ta ce mini, "Maman Auta, mu nan mun saba jira. Rabin ajina da lalube suke nemo kalma."

Can na sa ta. Yaya ta ce na kwashi 'yar ƙaninta na kai cikin 'yan gareji. Na tuna mata cewa kai ma a gareji ka koyi tuƙi. Ta ɗauki jakarta ta tafi ba sallama.

Ka huta lafiya.
Taka,
Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya hanya? Na ga takardarka. Ka ce ka bar mini, amma na ji a rubutun cewa hankalinka bai kwanta ba.

An gama jarrabawar zango. Auta ba ta sama, ba ta ƙasa, tana tsakiya abinta, kuma tana haɗa baƙi ta karanta allunan shaguna idan mun fita. In'inar tana nan, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ranar Talata aka aiko in zo makaranta. Na bar keken ɗinki da rigar mutane a kai, na tafi, na ɗauka wani ya kwaikwaye ta ta yi kuka. Ina shiga na tarar da ita riƙe da tsintsiya, ita da ƙawarta, 'yar mai facin taya. Malama ta ɗaure fuska ta ce su biyun sun hana aji sakat da surutu, ta raba musu benci amma a banza, shi ya sa ta sa su shara.

Baban Auta, 'yarka da ke wuni ba a ji muryarta ba, ita aka hukunta saboda surutu. Na ba Malama haƙuri, na harari yarinyar yadda ya kamata. Ina fita ƙofa na jingina da katanga na yi ta dariya har da hawaye.

Idan ka dawo sai ka yi mata faɗa da kanka, don ni na kasa.

A gaida abokan aiki.
Taka har kullum,
Maman Auta