Iskar da ta maƙale wa Baba

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga birnin Habana. Yaya ƙafarki? Ɗan'uwana Wilmer ya kwashe masarar?

Ni lafiya lau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Jiya a ajin koyon likitanci malamarmu ta tambaya: “Mutum ya zo da ciwon kafaɗar hagu, yana gumi, me za ku fara dubawa?”

Kowa ya ce, “Zuciya!” Ni kuwa hankalina ya koma gida. Na tuna ranar da muka kai Baba asibitin ƙauye da irin wannan ciwon, Eulalia ma'aikaciyar jinya ta kira sunansa ta ce, “Don Chepe, iska ce ta maƙale maka,” ta yi masa ƙaho da kofi da kyandir. Har dariya ya yi, ya ce, “Hannunki akwai albarka, 'yata.” Bai kai yamma ba.

Mama, Wilmer ya ce har yau ba kya amsa gaisuwar Eulalia. Don Allah ki amsa. Allura da ɗaurin ciwo kawai aka koya mata, aka bar mata ƙauye guda. Ni ce fa na riƙe mata kyandir ɗin.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Floridalma