Haƙori a Rufin Koren Jirgi

Malam, ya fito! Wallahi haƙorin ya fito, na ƙasa, fari tas kamar ƙwayar shinkafa!

Kana fita makaranta mutuniyarka ta fara rigima. Na goya ta, na yi mata rawa, na ba ta cokali ta jefar. Sai miƙa hannu take wajen kabad ɗin ƙananan jiragen ƙasanka. To, ma'alish, ka yi haƙuri, na buɗe. Na ba ta koren nan mai bututun hayaƙi, wanda ka sayo a kasuwar Juma'a ka hana kowa taɓawa. Ta kai baki ta yi shiru, can sai na ji ƙaras! Na duba rufin jirgin, ga ɗan rami. Na duba bakinta, ga mai laifin.

Kar ka ɓata rai, na riga na gyara maka jerin sunayen jiragen a kwamfuta. A layin koren, gidan da ka rubuta "sabo, babu tabo", na goge na sa "an ciza". Sauran layukan sun ɗan yi tsalle, ban san me na danna ba, amma jiragen duk suna kabad, khalas, shi ke nan.

Mun tafi unguwar Ard al-Liwa in nuna wa ƙawata Zahra haƙorin. Miya na firij. Kar ka shafa wa ramin nan fenti!

Ka kira Hajiya ka gaya mata jikarta ta yi haƙori. Ka san 'yar fari ce, ni kunya ba za ta bar ni in faɗa ba. Amma kai ka faɗa da ƙarfi.

Rukayya