Askin Ranar Alhamis

Talata, 1 ga Afrilu

Ƙafafuna sun kumbura, tarin ya ɗan lafa. Na sha magani.

Jikata ta zo da hantsi, cikinta ya fara fitowa. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba, ta zauna bakin gado tana murza gefen zaninta. Wajen awo sun gwada jininta, sun ce tunjere ne, cutar da ake ɗauka ta wajen kwanciya. Rabona da kalmar nan tun darasin kiwon lafiya a makaranta. An yi mata allura. Amma ma'aikaciyar ta ce in ba a yi wa mijin ba aikin banza ne, zai sake sa mata, cutar ta kai ga ɗan. Ta ce wataƙila cutar ce ta kashe ɗan da ta rasa bara tun yana ciki. Ni na karɓi gawarsa a tawul. Ko nauyin takalmina bai kai ba.

Ta roƙe shi su je asibiti tare, ba ta faɗi dalili ba. Ya yi dariya, wai shi garau yake. "Kaka, in na faɗa zai ce ni na kwaso. Kai yana jin maganarka."

Alhamis, 3 ga Afrilu

Mijin nata ya zo. Mai aski ne, kuma tun rasuwar matata duk Alhamis yake rufe shago ya zo ya gyara mini fuska. Tun daga ƙofa: "Ina tsohon da na ƙwace wa mata?" Na ce aro na ba ka, yaro, in na miƙe zan karɓi abata. Ya shafa kumfa, ya kama haɓata da yatsu biyu, yana ba ni labarin ƙwallon da ban sani ba. Mun sha shayi.

In ban da shi, ba hannun da ke taɓa ni yanzu.

Ban faɗa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ta kira a waya. Na ce ban ga fuska ba. Ta ce, "To, Kaka." Ta san ƙarya nake.

Laraba, 9 ga Afrilu

Jiri. Abinci ya ƙi shiga. Na yi ta gwada maganar ni kaɗai, har mai shagon da ke jikin tagata ya leƙo yana tambaya ko baƙo na yi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na faɗa. Na bari sai da ya rufe mini fuska da kumfa, don kada ya karanci fuskata. Na ce an sami cuta a jininta, irin wadda miji da mata ke ɗauka a junansu. Na ce takan kwanta a jikin mutum shekaru ba ciwo ba alama, ba wanda zai iya rantsewa daga ina ta fito, ni kuma ban tambaya ba. Allura ce kawai. Ɗan nake roƙa wa.

Askar ta tsaya a wuyana. Ina jin numfashinsa a kunnena.

"Ƙarata ta kawo ke nan."

Na ce tsoro ne ya kawo ta.

"Baba," ya ce. Bai taɓa kirana Baba ba, kullum Tsoho ne. "Da wane ido zan ƙara kallonka?"

Ya ƙarasa askin. Bai taɓa yi mini mai kyau irin na yau ba, ko ƙwarzane babu. Ya wanke askar, ya naɗe tawul, ya fita. Shayinsa na nan a kan tebur.

Litinin, 14 ga Afrilu

Shiru daga can. Ina tsoron kira.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Bai zo ba. Wataƙila shago ya cika.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ta zo. Mijin ya je an yi masa allurar! Shi kaɗai, bai gaya mata ba, sai ganinsa ta yi yana ɗingishi yana zama da gefe guda. Ta yi dariya tana kwaikwayonsa, dariyar ta koma kuka. Yana cin abincinta, yana tambayar ko ɗan ya motsa. Amma in ta ambace ni sai ya tashi ya fita tsakar gida.

Ta dubi gemuna ta ce, "Kaka, ka zama kamar tsohon bunsuru. Wa zai aure ka a haka?" Ta ɗora hannuna a cikinta. Ɗan ya harbe ni. Da ƙarfinsa.

Na ce ta gaishe shi. Kada ta ce komai, gaisuwa kawai.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na gwada askin da kaina da reza. Hannun ba ya tsayawa, na yanke a wuri biyu, na bari.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ƙirjin ya yi nauyi. Da za a mayar da ni ranar nan, zan sake faɗa, har da wuri. Wannan na sani.

Na tambayi mai shago ko akwai wani mai aski a kusa da ke zuwa gida. Tambaya kawai na yi. Ya ce akwai, na ce ya dakata tukuna.

Na zauna fuskantar ƙofa har rana ta bar taga. Bai zo ba.